Kwamfutocin Honorabul Marasa Igiya

Na daɗe ina koyar da darasin kwamfuta a wata makarantar al'umma a Unguwar Mu'azu, alhali babu kwamfuta ko guda ɗaya a makarantar. Duk wanda ya yi aikin koyarwa a wancan lokacin ba zai yi mamaki ba. Da alli nake shiga aji, in zana akwati a allo in ce wannan ita ce fuskar kwamfuta, in zana wani abu kamar ƙwai mai wutsiya in ce wannan shi ne linzami, wanda ake turawa kibiya ta motsa. Yara su kwafe, su haddace, su ci jarrabawa. Akwai yarinyar da za ta zayyano maka sassan kwamfuta ba gargada, amma da za ka ajiye mata ita a gabanta, ba ta san inda ake kunnawa ba. Ni kaina ɗan abin da na iya a kwalejin horon malamai na tsinto shi, mu da yawa a kan na'ura ɗaya, kowa yana leƙe ta kafaɗar wani.

Sai ga farar hula sun dawo mulki, aka yi zaɓe aka sake yi, 'yan siyasa suka gano cewa makaranta wuri ne mai kyau a hoto. Ɗan majalisarmu, wanda kowa ke kira Honorabul, ya aiko da saƙo cewa zai ba mu kwamfutoci. Romon dimokuraɗiyya ne, in ji wanda ya kawo saƙon. Ina jin haka ban zame ko'ina ba sai ajin 'yan shekarar ƙarshe, waɗanda suka fi kowa shan zane-zanena. Yawancinsu 'ya'yan teloli ne da ƙananan 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikatan masaƙa, babu mai kwamfuta a gidansu. Na tsaya gabansu na ce, "Kafin ku bar makarantar nan, kowane ɗayanku zai zauna gaban kwamfuta ya rubuta sunansa da hannunsa. Ni na faɗa muku." Zango ɗaya ya rage musu su gama. Har da buga tebur na yi, kuma har zuciyata da gaske nake.

Kayan sun iso wata safiya a bayan a-kori-kura, tare da mai ɗaukar hoto da wani na hannun daman Honorabul, mai ƙaton agogo da tumbin da ya riga shi shigowa ƙofa. Ya tara mu ya yi bayani cewa waɗannan ba irin na gama-gari ba ne, linzamin da kibod ɗin da ake danna haruffa duk babu igiya.

"Wayales ne," in ji shi, ya kuma maimaita don kada wani ya ce bai ji ba. "Ko a manyan ofisoshi ba kowa ke da irinsu ba."

Aka yi tafi. Daga nan mai hoto ya ce kwalaye a rufe ba sa fita da kyau, sai an baje kayan kowa ya gani. To a nan ne matan kwamitin iyaye suka karɓi aikin, don in dai baje kaya ne sun ga jiya sun ga yau, babu lefen da aka kawo unguwar nan ba su ne suka buɗe shi ba. Yadda ake buɗe lefe kuwa sananne ne: atamfa gefe guda, takalma gefe guda, kayan shafa gefe guda. Haka suka shimfiɗa tabarmi a tsakar makaranta, suka jera kwamfutoci a layi ɗaya, kibod a layi ɗaya, linzamai a gaba. A cikin kowane kwali kuma akwai wani ɗan mitsitsin abu a leda, bai fi farcen babban yatsa ba. Wata Hajiya mai tsari, shugabar matan, ta ce waɗannan za su watse, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tattara a faranti kamar goron ɗaurin aure, ta ɗora a tsakiya. Ina tsaye ina kallo ban ga aibun abin ba, domin ni ma ranar na fara ganin marar igiya.

Kafin a gama addu'a kwalayen sun ƙare ƙaf. Wannan za ta sa 'yan tsaki, wancan zai toshe taga. Duk wata takardar bayani da ta zo a cikinsu ta bi su gidajen mutane, wataƙila an naɗe ƙosai da ita.

Aka share tsohon sito, aka shafa masa fenti, aka kira shi ɗakin kwamfuta. Firinsifal ya kafa doka cewa babu ɗalibin da zai taka ɗakin sai Honorabul ya zo da kansa ya yanke kyalle, don ba a cin tuwo kafin mai gida ya sa albarka. Mu biyu kawai aka yarda mu shiga mu haɗa kayan: ni da malamar lissafi, wata 'yar Filato da ke zuwa daga unguwar Television, wadda duk muke kira Madam. Ba aikinta ba ne, tausayina ta ji. Ita ce ta ce mini sunan ɗan mitsitsin abin risiba, a jikin kwamfuta ake soka shi, shi ne ke jin maganar linzami da kibod. Muka ɗiba daga faranti muka bi kowace kwamfuta muka soka mata ɗaya, muka ajiye mata kibod da linzami, muka sa batir, muka kunna. Fuskoki suka yi haske gwanin sha'awa. Na tura linzami, kibiya ta tsaya ƙyam. Na danna kibod, ko ɗigo bai fito ba. Muka zagaye ɗakin gaba ɗaya, duk kanwar ja ce.

Nan da nan masana suka fito, don a makarantarmu ba a rasa su. Firinsifal ya leƙo ya ce matsalar sabis ce, a jira yamma. Malamin kimiyya ya ce rufin kwano ne ke tare iska, a gwada fitar da tebur waje. Mataimakin firinsifal ya ɗaga linzami sama yana nuna wa kwamfuta shi kamar rimot, yana dannawa da ƙarfi, da ya gaji ya ce jabu ne aka sayo. Wani kuma ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa kayan siyasa ba a rasa hannu a cikinsu, in yi hankali. Babu wanda ya taɓa riƙe irin abin a cikinsu, amma babu wanda ya ce bai sani ba.

Ni dai da na ga kwanaki suna tafiya, sai na kawo shawara a sayo masu igiya a kasuwa, irin na kowa da kowa, a soka a huta. Wanda ya taka wa shawarar birki shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, wani Alhaji da ke zaune a Barnawa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya yana riƙe da sito a wata ma'aikata, kuma har lokacin tafiya yake da tarin makullai a aljihu suna ƙara, tun daga nesa za ka san shi ne.

"Haba Malama," in ji shi, "mutum ya kawo miki na zamani, ki ce za ki ɗaura masa igiya? Ya zo ya gani ya ce mun raina kyautarsa? Wannan cin fuska ne."

Firinsifal ya ce gaskiyar Alhaji ce. Ban taɓa jin ranar da gaskiya ba ta Alhaji ba ce a bakin firinsifal.

A aji kuwa yara sun sa ni a gaba da ido. Ba sa tambaya, kunya ta hana su, amma duk lokacin da na shigo sai in ga sun miƙe zaune sosai suna jiran in ce yau ne. Da an tashi tara sai su yi cincirindo a tagar ɗakin suna leƙe, har sai maigadi ya kore su. Akwai wata doguwar yarinya mai zama a layin gaba, 'yar wani tela, wadda na lura tana ɗora yatsu a kan tebur tana dannawa a hankali, tana gwada inda haruffa suke kamar yadda na zana musu. Duk ranar da na gan ta sai in kau da kai.

Yadda muka gano bakin zaren ba wata basira ba ce, haushi ne. Wata rana bayan an tashi, Madam tana zaune a teburin bakin taga tana ta murza wani linzami tana tsaki, ni kuma ina can ƙarshen ɗaki na yi tagumi gaban wata kwamfuta. Sai na ga kibiyar da ke gabana tana yawo ita kaɗai. Na kusa yin salati da ƙarfi.

"Madam, tsaya! Sake turawa."

"Wetin? Me ya faru, Malama?"

"Ki tura dai. Hagu. To, dama."

Duk inda ta tura, kibiyar gabana ta bi. Ta taso ta zo ta gani, muka kalli juna. Ashe kowane risiba da nasa linzamin da kibod aka haɗo shi tun daga inda aka ƙera su, ba ya jin na wani ko da sun yi kama kamar tagwaye. Madam ta riƙe baki ta ce, "Chai! Ashe aure aka ɗaura musu, Hajiya ta zo ta raba su a faranti." Muka yi dariya har da hawaye, sannan muka dubi aikin da ke gabanmu dariyar ta tsaya.

Dabarar ba ta da wuya, cin rai ne da ita. Sai mu cire duk risibobin mu bar guda ɗaya a kwamfuta ɗaya, ni in zuba wa fuskar ido, Madam ta bi linzamai tana turawa har a dace da wanda kibiya ta amsa wa. In an same shi a koma kan kibod, a yi ta danna su ɗaya bayan ɗaya har harafi ya fito. Ana tsaka da haka a ɗauke wuta, mu zauna muna fifita da littafi. Wata rana kuma mu bi duk linzaman babu wanda ya amsa, mu ɗauka risiban ne ya lalace, sai da na buɗe cikin wani na tarar babu batir. Na buɗe na kusa da shi, shi ma wayam. A makon nan ne rediyoyin ɗakin malamai, waɗanda suka daɗe suna magana kamar masu mura, suka warke gaba ɗaya, har daga bakin ƙofa kana jin labaran duniya. Na tambaya, kowa ya rantse bai ko san ana sa batir a linzami ba. Na sayo wasu, daga ranar kuma duk yamma sai in kwashe su in tafi da su gida a jaka.

Don kada su sake cakuɗewa, Madam ta zo da kwalaben jan farcenta kala-kala. Duk ukun da suka dace sai ta ɗiga musu alama iri ɗaya, a risiba, a gindin linzami, a gefen kibod. Wannan ja, wancan ruwan hoda, da kaloli suka ƙare ta koma haɗa biyu. A jajibirin zuwan Honorabul muka gama. Muka kunna su duka, muka bi layi muna gwadawa, kowace kibiya tana bin hannun mai ita. Na ji daɗi ranar irin wanda ban cika ji ba a aikin nan. Na wuce aji na ce wa yara kowa ya goge kayan makarantarsa, gobe za su shiga.

Da na iso da safe, tun daga baranda warin kananzir ya tare ni. An ƙawata ɗakin da balan-balan, an ɗaura jan kyalle a ƙofa. Na sunkuya ta ƙarƙashinsa na shiga da batura a jaka, na ɗauki linzamin farko don in sa masa, sai na ga gindinsa tas, babu ɗigon jan farce. Na duba na biyu, haka. Na leƙa bayan kwamfuta, babu risiba. Na bi su duka da sauri, babu ko ɗaya. Sai na ji ƙarar makullai a bayana.

"Alhaji, ina kwana. 'Yan ƙananan abubuwan da ke jikin kwamfutocin nan fa?"

Ya daki aljihun babbar rigarsa, wani abu ya yi kacau-kacau. Ya zaro gwangwanin alawa ya nuna mini, ya mayar.

"Suna nan a killace. Malama, ni na riƙe sito tun zamanin soja, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Duk abin da zai shiga aljihu, to ki ɗauka ya riga ya tafi. Yau taro ne, 'yan jagaliya za su cika ɗakin nan. Riga-kafi ya fi magani."

"Alhaji, ai in babu su ba za su yi aiki ba."

"Kamar yaya? Ba wayales ba ne? Ba a gabanki aka yi bayani ba?"

"To alamar da muka sa fa?"

"Wannan ƙazantar? Jan farce a jikin kayan Honorabul, sai ka ce shagon kitso! Ni na sa aka goge da kananzir tun da asuba."

Na roƙe shi. Na ce ya ba ni ko guda biyu, in nemo nasu kafin baƙi su iso, ni zan tsaya a kansu da kaina. Madam ta sa baki, "Baba, abeg, wahalar da muka sha ba kaɗan ba ce." Ya dube mu kamar yaran da ke neman a ba su wuƙa su yi wasa, ya ce bayan taro a yi magana. Na juya wajen firinsifal, ya ce gaskiyar Alhaji ce, ya wuce duba kujeru. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugunta ce ta sa Alhaji ba. Shi a ganinsa ya yi wa makaranta hidima, har yana jiran a gode masa.

Aka shigo da yaran, kayansu a goge, aka zaunar da su biyu-biyu, aka ce kowa ya ɗora hannu a kan linzami ya kalli gaba. Haka suka zauna har rana ta take, don Honorabul bai san ana zuwa wuri a kan lokaci ba. Da ya iso da jiniya da maroƙa, ya yanke kyalle, aka yi guɗa, ya shigo ɗakin mutane suna ture juna a bayansa. Ya tsaya a kan 'yar telan nan, don ita aka sa a gaba saboda tsayinta.

"To 'yata, motsa mu gani."

Ta tura linzamin a hankali, yadda na sha kwatanta musu. Kibiya ba ta motsa ba. Ta sake turawa, ta ɗaga ido ta nemo ni a cikin taron. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Sai firinsifal ya matso yana murza hannu.

"Sabis ne, ranka ya daɗe. Tun safe yake wasa."

Honorabul ya gyaɗa kai irin na wanda ya san kan abin. "Haka yake yi. Ni ma a ofis wani lokaci sai yamma yake dawowa."

Aka fashe da tafi. Mai hoto ya ce yara su yi murmushi, suka yi. A jawabin godiya firinsifal ya yaba wa shugaban iyaye bisa yadda ya kula da kayan, Alhaji ya miƙe ya ɗaga hannu, gwangwanin yana kacau-kacau a aljihunsa. Kafin motoci su gama fita an fitar da yaran, an rufe ɗakin, Alhaji ya ƙara nasa kwaɗon a kan na makaranta.

Daga nan na shiga zarya. Na same shi a makaranta, ya ce sai an sa wa tagogi ƙarfe. Aka sa ƙarfe, ya ce sai kwamiti ya zauna ya tsara yadda za a riƙa fitar da su da mayarwa. Kwamiti ya sa rana, aka yi rasuwa a unguwa, aka ɗage. Na hau keke napep na bi shi har gida Barnawa, matarsa ta kawo mini ruwa, ya fito ya karɓe ni da fara'a. Na ce masa yaran nan sun kusa tafiya, na yi musu alkawari, ko yini ɗaya ne a ba ni, zan sake haɗa su daga farko ba na jin wahalar. Ya ce yanzu jarrabawa ta matso, bai kamata a raba wa yara hankali da wasa ba. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko gwangwanin, ya buɗe, ya karkato mini shi.

"Duba da idonki, Malama. Ko ɗaya bai ɓata ba."

Na duba. Suna nan kuwa, sumul, sai ɗan warin kananzir. Na yi masa sallama, don in na ƙara minti ɗaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa sa'an uba.

Jarrabawa ta zo ta wuce. A takardar kwamfuta yarana sun yi ƙoƙari ƙwarai, har firinsifal ya ce ga amfanin kyautar Honorabul nan ya fara fitowa. Ranar ƙarshe na shiga ajinsu, na tsaya inda na tsaya ranar da na buga tebur. Na shirya magana tun a hanya, amma da na ga fuskokinsu sai ta gudu. Na dai ce musu na yi alkawari ban cika ba, su yafe mini, ba haka na so ba.

'Yar telan ce ta amsa, cikin ladabi, har da ɗan murmushi don ta kwantar mini da hankali.

"Malama, kada ki damu. Mu dama ba mu sa rai ba."

Na dubi sauran, suna ta gyaɗa kai. Babu mai fushi a cikinsu, babu wanda abin ya ba mamaki. Yara ne da ba su kai shekara ashirin ba, amma sun riga sun san yadda alkawarin manya ke ƙarewa, kuma sun sa ni a layi ɗaya da firinsifal da Alhaji da Honorabul ba tare da sun ji haushina ba. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna yi mini sai wata rana, suka bi ta gaban ɗakin kwamfutar suka nufi ƙofa, ko waiwayensa babu wanda ya yi.